In alheri ne ke ceto, to aikin fa na mene ne? Don Allah a warware mini

Ɗan Saminaka:
Salama ƴan'uwa. Wancan makon fastonmu ya yi wa'azi kan Afisawa 2:8-9, cewa da alheri aka cece mu ta wurin bangaskiya, ba aikinmu bane balle wani ya yi fahariya, na fito coci raina fes. Sai Lahadin nan baƙon mai wa'azi ya buɗe Yakubu sura 2 ya ce bangaskiyar da ba aiki gawa ce, wai aljanu ma sun yarda Allah ɗaya ne har suna rawar jiki, tun ranar barci ya ƙi zuwa. Bari in faɗi gaskiya tunda ba wanda ya san fuskata anan. Hatsi nake sayarwa, mudu biyu gare ni, na saye daban na sayarwa daban, na sayarwan an ɗan bubbuga gindinsa ya shige ciki, kuma kusan kowa a layinmu haka yake yi. An yi mini baftisma tun 2014, ina cikin mawaƙa, baiko bana fashi. Ceton nawa yana nan ko ya zube?

Maman Ladi:
Ɗana ai kai ma ka san amsar, in ba haka ba me ya kawo zancen mudu cikin tambayar Afisawa? Mu ne fa matan da ke auno a wurinku mu zo gida mu ga tuwon bai kai ba muna zargin mai injin niƙa. Karin Magana 11:1 ta gama magana, ma'aunin algus abin ƙyama ne ga Ubangiji. Je ka gyara mudunka tukuna.

Saurayin Yesu:
Haba Mama kada ku tsorata shi. Ɓarawon da ke kan gicciye a Luka 23 wane aiki ya yi? Ko baftisma bai samu ba amma Yesu ya ce masa yau ɗin nan za ka kasance tare da ni a Firdausi. Yesu ya gama komai, ɗan'uwa ka kwantar da hankalinka.

Dattijo daga Kagoro:
Yarona, ɓarawon nan an kafe masa hannu da ƙafa, bakinsa kaɗai ya rage, kuma da shi ya tsawata wa ɗaya ɓarawon da aka gicciye su tare ya amsa laifinsa a gaban jama'a. Da an sauko da shi da rai kana ganin sata zai koma? Ɗan Saminaka kuwa hannunsa a sake yake.

Ɗana, fastocin nan biyu ba faɗa suke ba, matsalar ita ce mun haddace aya 8 da 9 mun bar ta 10 a baya, wadda ta ce an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin kyawawan ayyuka. Manzo Bulus ɗin nan dai, mai wasiƙar Afisawa, shi ya rubuta wa Filibiyawa (2:12-13) su yi ta aikin cetonsu da tsoro da rawar jiki, nan take ya ƙara da cewa Allah ne ke aiki a cikinsu. Kai da ke cikin manoma za ka gane, ba kai ka yi ruwan sama ba, ba kai ka sa ƙwaya ta tsiro ba, amma gonar da ta sha damina har kaka ba ko zangarniya ɗaya dole a tambaya ko an yi shuka ma. Ka duba Zakka a Luka 19, Yesu ne ya fara kiransa ya sauko daga itace kafin ya yi wani abin kirki, daga baya shi da bakinsa ya ce duk wanda ya cuta zai mayar masa riɓi huɗu. Ban isa in ce cetonka ya zube ba, ba ni ke riƙe da littafin rai ba. Amma rashin barcin nan kada ka sha masa magani.

Ƴar Katolika Kafanchan:
Baba kun faɗa daidai. Gardamar nan ta girme mu duka, Martin Luta kansa, wanda cocin Lutaran ya samo asali daga gare shi, a 1522 ya taɓa kiran wasiƙar Yakubu wasiƙar tattaka, wato marar nauyi, sai a 1999 a Ogsbog ta Jamus Katolika da Lutaran suka sa hannu a takarda ɗaya cewa alheri ne ke ceto kuma Ruhu Mai Tsarki ne ke kai mutum ga kyawawan ayyuka. A wurinmu dai in ka je ikirari da irin wannan, fada zai tambaye ka batun mayar da haƙƙin mutane.

Ɗan Saminaka:
Na gode Baba, na gode Mama duk da kin taka ni sosai. Na kai mudun gida yau, madam ta ce za ta riƙa zuba wa kaji dusa da shi. Abin da ya rage mini shi ne Zakka ya san waɗanda ya cuta, ni kuwa shekara nawa ina auna wa mutanen da ko sunansu ban sani ba, wasu ma sun mutu. Wa zan mayar wa?