Wuƙar daji da fatar gogewa: kowa ya faɗi abin da hannunsa ya gani

Ɗan Birni

Assalamu alaikum ƴan uwa. Tambayata ga duk mai wuƙar aiki ce, ta fita daji, ko ta fiɗa, ko ta yankan igiya da sassaƙar itace. Sau da yawa mutum zai wasa wuƙa a dutse har ta aske gashin hannu, amma kafin a gama feɗe tunkiya guda ta mutu. A koma dutse, a sake komawa, kafin shekara ta zagayo rabin ruwan wuƙar ya tafi. Tawa Opinel ce ta Faransa mai lamba 9, ta baƙin ƙarfe mai yin tsatsa, kuma tunda na fara bin ta da fata bayan dutse na ga tana jimawa ba ta nemi wasawa ba. Sai dai akwai masu ce mini fata kashe kaifi take yi. Wanda ya gwada da hannunsa ya gaya mana: wace fata, me yake shafa mata, yaya yake ja. Don Allah ban da "an ce".

Baba Wanzami, Zango

Wa alaikumus salam ɗana. Jikana ke rubutawa, ni ina faɗa. A gidanmu aska ba ta hawa kan mutum sai ta bi ta kan fata, haka na taras iyayena na yi. Yanzu reza ta karɓe yawancin aikin, amma hannu bai manta ba.

Ga abin da ke ruɗin mutane. In ka wasa ƙarfe a dutse, bakin yana yin siriri har ya lanƙwashe gefe guda, ya zama ɗan leɓe wanda ido ba ya gani. Ka ɗora babban yatsa a jikin wuƙar, ka shafo a hankali daga bayanta zuwa baki ka zarce waje. Kada ka bi tsawon kaifin, sai ka yanke. Gefen da ka ji yana ɗan kama fatar yatsanka, nan leɓen yake. Shi ne ke aske maka gashin hannu ka ce wuƙa ta yi. Da ya gamu da ƙashi ko gashin dabba mai ƙasa sai ya kwanta, ko ya karye ya bar baki da gimtsi, ka ce wuƙa ba ta da kyau. Wuƙa lafiyarta ƙalau, aikin ne ba a ƙarasa ba. Fata ce ke cire wannan leɓen.

Jan kuma, bayan wuƙa ke gaba, kaifi na biye. Wanda ya tura kaifi gaba ya tsaga fatarsa. Hannu ya zama sakakke, kamar mai shafa kan jinjiri, domin fata tana lotsawa. In ka danna sai ta taso ta naɗe bakin ta mayar da shi dunƙulalle. Masu ce maka fata na kashe kaifi, ka je ka tsaya a kansu suna yi, za ka ga danna suke. Abu na biyu da za ka gani, in sun kai ƙarshen fata sai su murɗa wuyan hannu su ɗago bayan wuƙar tana kan tafiya. Wannan murɗawa ɗaya tana rushe ja goma. Ka tsaya cak, ka ɗaga wuƙar ɗungum, ka juya ta, sannan ka komo.

Mahauci daga Kasuwar Dole

Baba, Allah ya ƙara girma, maganarku dutse ce. Amma ku yi mini izini in ƙara abin da fawa ta koya mini, don aska daban, wuƙar fiɗa daban. Wuƙar da aka goge har mutum na ganin fuskarsa a bakinta, ni ba ta yi mini a kan jijiya da gashi. Santsi take, tana bi ta sama. Ina son in ji tana da ɗan haƙori, tana kama abu tun jan farko. Saboda haka ta fiɗa dutse mai matsakaicin laushi nake sa mata, in bi da fata kaɗan, daidai yadda leɓen da Baba ya faɗa zai fita, in tsaya nan. Wadda nake yanyana nama da ita don kilishi, ita kam ina daɗewa a kanta, domin can turawa ake a fitar da nama falle-falle, kuma duk inda baki ya yi kaushi sai ya huda shi.

Sannan ƴan uwa ku lura da kitse. Ranar layya na sha ganin magidanci ya koma dutse alhali kitse ne ya daskare a bakin wuƙar. Ruwan zafi da tsumma, ja kaɗan a fata, ta dawo. Goga wuƙa da wuƙa da muke yi a rumfa yana miƙar da bakin da ya kwanta, ba musu, amma ni ba na yi wa wuƙar da nake ji da ita.

Ɗan Majema

Ni a fata zan tsaya, nan ne gonata. Ba kowace fata ke wannan aiki ba. Fatar akuya da ake jima don jaka da takalmi tana da kyau a ido, amma ta cika laushi da miƙewa. Ku nemi ta sa, jimar bagaruwa, mai tauri, wadda in ka danna ta da farce sai da ƙyar alama ta fito. Fatar kanti mai laushin nan da ake jima da sinadari, irin ta kujera ko rigar sanyi, ku bar ta.

Yadda nake haɗa wa mutane: tsawon kamu ɗaya da ƴan kai, faɗin yatsu uku, a manna da gam a kan katako wanda aka fere ya miƙe sarai, a ɗora masa nauyi ya kwana. Katakon nan shi ne rabin aikin, shi ke hana fata lotsawa. Ina manna biyu, ɗaya a kowace fuska. Guda cikin fata ke sama, wato ɓangaren nama mai ɗan gashi-gashi, shi ke riƙe abin da aka shafa. Gudar kuma bayan fata ke sama, mai santsi, ita ba a shafa mata komai, da ita ake ƙarasawa. In ɓangaren naman ya cika buzu-buzu a bi shi da sanfefa ya kwanta.

Mai fa, ku yi hattara da shi. Hunturun Damagaram na busar da fata har ta tsage, to ɗan man kaɗe a kan yatsa ya isa, a murza a bari ta sha. Wanda ya jiƙa ta da man gyaɗa zai samu abu mai danƙo da wari, ƙura na manne masa. Kuma kada a ɗora jiƙaƙƙiyar wuƙa a kanta: ƙarfe da ruwa in sun gamu da jimar bagaruwa baƙi suke bari, dukawa sun san wannan sarai, don da ƙarfe suke haɗa baƙin rininsu.

Bakanike, hanyar Tanut

Game da abin shafawa. Na gwada koren dutsen nan mai kama da sabulu da masu goge ƙarfe ke sa wa injinsu. Garin da ke cikinsa kromiyam oksaid ne, an haɗa shi da kakin da ke riƙe shi. A zana shi a fata sama-sama, har kana iya hango fatar a ƙarƙashi. In ya yi kauri wuƙa sulɓewa take a kan kaki, ba ta gamuwa da komai. Man goge ƙarfe na Autosol ma yana yi, a shafa kaɗan a bari ya bushe. Baƙin layin da za ku ga yana fitowa a fata ƙarfe ne ke fita, alamar aiki na tafiya ke nan. In ta yi baƙi ƙirin tana ƙyalli, a kankare da bayan wata tsohuwar wuƙa a sake shafawa.

Abin da zan hana ku shi ne man da muke gurza bawul ɗin inji da shi. Wani yaron garejinmu ya shafa shi a fata, bakin wuƙarsa ya fito da zane-zane, don tsakuwarsa ta fi ta dutsen da ya fara da shi kaushi. Kuma duk wuƙar da ta bi ta kan kore ko Autosol a wanke ta da sabulu kafin ta taɓa nama.

Kwanciyar wuƙa, wajen digiri 20 a kowane gefe ya dace da wuƙar daji. Tsayar da ita cak a kan fata, 90 ke nan. Kwantar da rabi, 45. Ƙara rabi, ka zo kusa. Wanda ba shi da dutse mai laushi ya sami sanfefa mai lamba 400 da mai 1000 ya shimfiɗa a kan gilashi ko tayil, ya yi ta farko, ya yi ta biyu, sannan fata.

Ɗan Tanut

Ni tare da dabbobi nake yini, ba katako a aljihuna. Ɗamarar fatar da ke ƙuguna nake cirewa, in maƙala kanta a reshen aduwa ko ƙarfen amalanke, in ja ta ta miƙe ƙam. Sharaɗin ke nan, ta miƙe. In ta yi ciki, abin da Baba ya faɗa ne zai faru. Da yamma in an sauka nake yi, kafin wuƙa ta kai ga dakushewa. In ka bari ta mutu gaba ɗaya, ko ka kwana kana ja fata ba ta tashe ta.

Abokin gabarmu a nan rairayi ne. Yana shiga kube, kullum ka zare ka mayar yana cin bakin. Ni kan juya kuben in bubbuga shi kafin in mayar da wuƙa. Ɗamarar ma sai na share ta da tafin hannu, don ƙwayar yashi ɗaya in ta nutse a fata za ta yi ta zana maka baki. Akwai wata wuƙa ƙirar Mora ta ƙasar Suwidin da ta zo hannuna, bakinta shimfiɗa ɗaya ce mai faɗi. Ita ba sai ka nemi kwanciyarta ba, ka kwantar da shimfiɗar a fata ka ja. Wajen fere sanda ba ta da na biyu, amma ba na sa ta a ƙashi.

Uwargida, Sabon Gari

Sannunku da ƙoƙari. Ni ƙorafi gare ni. Wuƙar mahaifina ce, ƙirar hannu, da ita yake fita farauta, ni na gaje ta. Gab da Babbar Salla na aika yaro da ita wurin wani mai injin wasa wuƙa a bakin hanya. Ta dawo bakinta ya yi shuɗi-shuɗi wajen tsini. Tun ranar, ko maigidana ya wasa ta ya bi da fata, ba ta gama yanka albasa da kaifinta. Har ga Allah abin ya tsaya mini a rai. Ta mutu ke nan?

Maƙerin Zango

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ba ta mutu ba. Injin ya ƙona mata baki. Ƙarfe in ya yi zafi yana sauya launi, daga ruwan ƙasa-ƙasa zuwa shuɗi, kuma shuɗin nan yana fitowa ne wajen digiri 300 na zafi. A nan taurin da aka ba shi ya ragu, shi ya sa bakin ke kwanciya. Baki siriri ne, cikin ƙiftawar ido yake ɗaukar wannan zafi in mai injin bai tsoma shi a ruwa ba. Sau da yawa ƙunar ba ta yi nisa ba. A sa ta a dutse mai kaushi da ruwa, da hannu, a ci wurin har a wuce ƙarfen da ya yi laushi a kai ga mai tauri. In ta shiga sosai, a kawo ta maƙera a cire ƙota a sake mata wuta. Irin waɗannan na da, mun sha gyara su.

Ga sauran ƴan uwa: yawancin wuƙaƙen da muke ƙerawa daga sifirin mota ne, kuma wannan ƙarfe yana jin fata ƙwarai, leɓensa na fita ba gardama. Ƴan kantin nan masu arha da ba sa tsatsa, nasu leɓen naci gare shi, ka tura shi hagu ya koma dama. Su sai ka rage shi tun a dutse, ja ɗaya nan ɗaya can da sakakken hannu, kafin ka zo fata. Wanda ya tsallake wannan ya ɗora wa fata laifi bai yi mata adalci ba.

Malamin makarantar allo, Mirya

Allah ya saka muku da alheri. Masu shirin layya su tuna hadisin Shaddadu ɗan Ausu da Muslim ya ruwaito, inda aka umarce mu da kyautata yanka, mutum ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. A gama wasawa da gogewa tun daren Salla, ba a gaban dabba ba. Ni da ƙaramar wuƙar feƙe alƙalami nake amfana da fatar, alƙalamin gamba ba ya tsagewa in bakin ya yi sumul.

Ɗan Birni

Na gode ƙwarai, na ƙaru. Baba, saura abu ɗaya: yaya mutum zai san ya isa ya tsaya? Sannan da damina tawa na yin tsatsa a cikin kube.

Baba Wanzami, Zango

Ɗana, yatsanka zai gaya maka. Shafa gefen nan, shafa wancan. In babu inda ke kamawa, leɓe ya fita. Sai ka ɗora bakin a kan farcen babban yatsa a karkace, ba dannawa. In ya tsaya ya kama, ta yi. In ya sulɓe, kada ka ƙara ja a fata, koma dutse. Ka gwada wuri uku, gindi da tsakiya da wajen tsini, don wajen lanƙwasar nan ne mutane ke bari. In ka zo nan sai ka ɗan ɗaga ƙota bakin ya ci gaba da taɓa fata.

Tsatsa kuwa, kube na fata yana riƙe laima. Daga Yuli zuwa Satumba in ba fita za ka yi ba, zare ta, share ta ta bushe, shafa mata ɗan mai, ka ajiye ta daban da kubenta. Fatar gogewar ma ka sa ta a leda ka ɗaure, ka rataye ta inda rana ba ta kai.