Yadda muka shigar da bangon bulo mai ɗaurin kankare cikin manhajar lissafin gini

Sabon Injiniya: Assalamu alaikum, malamaina. An ba ni lissafin wani gini mai hawa uku da za a yi da bangon bulo mai ɗaurin kankare, wato wanda ake fara ɗora bulo a bar masa haƙora a gefe, sannan a zuba siraran filoli da bim su ɗaure shi. Na shigar da shi manhajar ETABS yadda na saba, filoli da bim su ne ƙashin ginin, bulo kuwa nauyi ne kawai a kan bim. Sai manhajar ta nuna duk filolin sun gaza, ta kuma nemi rodin da fila mai faɗin milimita 150 ba za ta iya ɗauka ba. Ina roƙon duk wanda ya taɓa irin wannan aiki ya faɗa mana yadda ya yi.

Tsohon Hannu: Wa alaikumus salam. Manhajar ba ta yi kuskure ba, Injiniya, ginin da ka ba ta ne ba shi za a gina ba. A wannan tsari bangon ne ke ɗaukar nauyin dakin, wato rufin kankaren kowane hawa, da turin girgizar ƙasa, filolin kuwa aikinsu su riƙe shi kada ya watse bayan ya tsage, su kuma ɗauki ja da dannawa a gefunansa. Ni ma na faɗa wannan rami a aikina na farko. Da na gane, sai na zana bangon a manhajar a matsayin faifai, wato shimfiɗaɗɗen farantin da ke ɗaukar nauyi da kansa, na yanka shi raga-raga, amma na manta ban yanka filolin a daidai mahaɗan ragar ba, don haka fila da bango suka haɗu a sama da ƙasa kawai, ginin ya riƙa lanƙwasa fiye da kima. Sai da na ga bangon yana rabuwa da fila a hoton motsin ginin kafin na farga. Ka kuma rage wa faifan ƙarfin lanƙwasa ta fuskarsa, in ba haka ba dakin zai ɗora masa murɗar da bulo ba ya iya ɗauka a zahiri.

Mai Lissafin Bene: Ni na bar hanyar faifai ne saboda wahalar karanta sakamakonta, domin abin da ƙa'idar gini ke nema shi ne jimillar ƙarfin da ke kan kowane bango, ba launukan da ke cika allo ba. Yanzu a manhajar SAP2000 ina bin hanyar faffaɗar fila, wadda injiniyoyin Meksiko suka daɗe suna amfani da ita. Kowane bango da filolinsa biyu ina mayar da su fila guda a tsakiyar bangon, in faɗaɗa yankin kankaren gwargwadon yadda taurinsa ya ninka na bulo, sannan in haɗa ta da maƙwabtanta da sanda marar lanƙwasa iya faɗin bangon. Inda na sha wuya shi ne tagogi. Na taɓa ɗaukar bango mai babbar taga a matsayin cikakke, ya janye kaso mai yawa na turin, alhali a fili gutsattsari biyu ne. Eurocode 8, ƙa'idar Turai ta gini mai jure girgizar ƙasa, ma tana neman a sa fila a gefunan duk ƙofa ko tagar da ta wuce murabba'in mita 1.5.

Malamar Zane: Ƙari kaɗan a kan alƙaluman da ake shigarwa. Eurocode 6, ƙa'idar Turai ta ginin bulo, ta ba da shawarar a ɗauki taurin bango a matsayin ninki 1000 na ƙarfinsa na jure dannawa, taurin saɓawa kuma, wato yadda yake ƙin karkacewa idan an ture shi ta gefe, kashi 40 cikin 100 na wancan, amma gwaje-gwajen bango sukan ba da ƙasa da haka sosai, shi ya sa nake gudanar da lissafin sau biyu in ga yadda rabon turin ke sauyawa. Ina kuma rage taurin zuwa rabi saboda tsagewa, kamar yadda Eurocode 8 ta yarda. Kafin in buɗe kwamfuta kuwa, nakan tara filin da bangwayen kowace fuska suka ci in raba da filin dakin don in ga ko bangon ya isa, domin a nan na taɓa gano ginin da fuskarsa ɗaya kusan duk ƙofofi ce.

Sabon Injiniya: Na gode, malamaina, Allah ya ƙara basira. Na sake zanen da faifai, na yanka filolin tare da ragar, kuma yanzu rodi huɗu sun wadatar da kowace fila. Nauyin ginin ne ya ɗan haura lissafina na hannu, ina zaton saboda fila da faifai sun hau juna, don haka zan rage nauyin filolin in sake gwadawa.