Makaranta ta ƙi karɓar ɗiyata saboda ba ta ji, ina mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna zaune a Jos. Ɗiyata shekararta shida, sanƙarau ya kama ta wata huɗu da suka wuce, ta warke amma jinta ya tafi. Tana magana, sai dai kalmomin sun fara lanƙwashewa. Na mayar da ita firamarenta ta gwamnati, hedimasta ya ce ba su da malamin kurame, in nemi wani wuri. Yana da ikon yin haka? Kuma in nace a nan ne, ko in kai ta makarantar kurame?

Wata ma'aikaciyar sashen kunne: Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara mata lafiya. Maman yarinya, asibiti ne farko kafin makaranta, kuma cikin makon nan. Bayan sanƙarau ƙashi kan iya tsirowa a can cikin kunne inda jijiyar ji take, cikin watanni kaɗan, idan ya toshe kuwa dashen na'urar ji a cikin kunne ta hanyar tiyata ya yi wuya. Ki je sashen kunne, hanci da maƙogwaro a JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, a yi gwajin ji na kowane kunne daban, ki karɓi takardar sakamakon ki adana. Idan da sauran ji, za a ba ta na'urar ji daidai da gwajin. Kada ki sayi ta kasuwa, tana ƙara duk wata hayaniya ne kawai. Batirin na'ura kan yi mako ɗaya zuwa biyu, a cire shi da dare, a kiyaye ta daga ruwa da gumi. Idan na'urar ta fara fito, yawanci robar da ke shiga kunne ce ta yi wa yarinya kaɗan, sai a sake aunawa.

Wani lauya: Hajiya, ba shi da wannan ikon. Dokar hana nuna wariya ga nakasassu ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba mai nakasa haƙƙin karatu ba tare da wariya ba, kyauta har sakandare. Ta kuma ce kowace makarantar gwamnati ta tanadi aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar don irin waɗannan ɗalibai. Wato rashin malami nauyi ne a kan hukuma, bai zama dalilin korar yarinya ba. Hukuncin wariya ga mutum tarar naira 100,000 ne ko ɗaurin wata shida ko duka biyun, ga kamfani ko ƙungiya naira miliyan 1. Amma kada ki fara da barazanar kotu. Rubuta wa hedimasta takarda mai kwanan wata, ki haɗa da kwafin sakamakon asibiti, a buga miki hatimi a kwafinki. In shiru, sai sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, sai SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, sai hukumar kare haƙƙin nakasassu ta jihar Filato. Inda iyaye ke faɗuwa shi ne koke da baki, ranar da ake neman hujja babu ko layi ɗaya.

Wani malamin kurame: Barista ya yi gaskiya, sai dai ba ta kujera a aji abu ne daban, fahimtar darasi kuma abu ne daban. Yarinya za ta iya shekara uku a aji tana kwafe allo tsaf ba ta san me ta rubuta ba. Filato ma ba baƙuwa ba ce a wannan fanni: makarantar makafi ta Gindiri tun 1953 'yan mishan na Sudan United Mission suka buɗe ta, ga makarantar kurame a Bassa, ga sashen ilimi na musamman a Jami'ar Jos. Tunda ta riga ta iya magana kafin ciwon, ni ina ganin a gwada ajinta na da tukuna, bisa sharaɗi. Ta zauna layin gaba, haske na dukan fuskar malami, kada ya yi bayani yana fuskantar allo, umarni kuma a rubuta mata. A gida ku ci gaba da hira da ita fuska da fuska, kada ku koma nuni kawai, nan ne magana ke mutuwa. A lokaci guda ku fara koyon maganar hannu, duk gidan, har da babanta. Ba ta hana magana, wannan camfi ne. Ki lura dai, wadda ake koyarwa a makarantu ta samo asali ne daga ta Amurka, ta hanyar Andrew Foster, wani kurma Ba'amurke ɗan mishan da ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960, ta kuma bambanta da maganar hannun kuramen ƙasar Hausa. Ku koyi ta makaranta, da ita za ta yi karatu.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, ta yaya zan gane gwajin ajinta na da bai yi ba?

Malamin kurame: Ki ba shi zango biyu, Hajiya. Kowace Juma'a ki ɗauki littafinta, ki nuna jimla uku, ta bayyana miki su da baki ko da hannu. Idan har ƙarshen zango na biyu kwafi ne kawai babu fahimta, ko ta fara ƙin zuwa makaranta, ki je Bassa ranar karatu, ki zauna cikin aji ki gani da idonki kafin ki cike fom.