Wai ina gabas ɗinku ta koma a inda kuke zaune?

Direban Riyad: Salamu alaikum 'yan uwa. Mu a gida in an ce mutum ya fuskanci gabas kowa ya san sallah ake nufi, har gawa cewa ake a juyar da ita gabas. Toh ranar da na sauka Riyad cikin dare, da asuba na leƙa taga naga inda gari ke yin haske na shimfiɗa darduma na kabbara, ashe na bawa Ka'aba baya ne gaba ɗaya, sai da abokin ɗakina ya farka yace malam ina zuwa haka, Indiya? Anan alƙibla yamma take ta ɗan karkata kudu, wajen digiri 244 in an ƙirga daga arewa ana juyawa dama, tsakaninmu da Makka kuma kusan kilomita 800 ne. Kowa ya faɗi yadda ya kwashe da wannan abu a garin da yake.

Hajiya 'yar Madina: Wa alaikumus salam ɗana. Mu nan kudu muke kallo sak, rana ta fito ta hagunka ta faɗi ta damanka, shine ma ma'anar hadisin nan da yace tsakanin gabas da yamma alƙibla ce, mutanen Madina ake nufi. Amma shekara da shekaru ina nan bakina bai daina cewa gabas ba, jikokina da aka haifa anan dariya suke mun. Duk lokacin aikin hajji sai na gyara wa mata baƙi a masauki, alhali ga kibiya nan an manna a silin ba mai ɗaga kai ya duba. In na kai su masallacin Ƙiblataini sai nace toh ku gani, da arewa ake kallo wajen Ƙudus, wata 16 ko 17 bayan hijira aka juyo kudu, gabas bata taɓa shigowa maganar garin nan ba.

Malamin lissafi, Gadarif: Hajiya Allah ƙara lafiya. Ni yaƙin Sudan ne ya taso mu daga Omdurman a 2023, a can na saba da arewa maso gabas, digiri 49, rabi da rabi kenan kusan. Da muka zo Gadarif na cigaba da tsayuwa haka a tsakar gida har wata biyu, sai da na lura masallacin unguwa ya fi ni karkata hagu sosai, na zauna na buga lissafin da kaina, Ka'aba a taswirar duniya tana digiri 21.42 arewa da 39.83 gabas, namu ya fito digiri 29, wato mun fi kusa da arewa akan gabas nesa ba kusa ba. Kunya ta kama ni wlh, ni da nake koya wa yara kusurwa. Kano kuma 68 ne, ko a gida ma ba gabas tsantsa bace, mun dai saba faɗa ne.

Abin da na dogara dashi yanzu ba waya bace, rana ce. Sau biyu a shekara take tsayawa daidai saman Ka'aba, 27 ko 28 ga Mayu ƙarfe 12:18 agogon Saudiyya, da 15 ko 16 ga Yuli 12:27, mu a Sudan sai a rage awa ɗaya. A wannan mintin ka ɗaure dutse a zare ka rataya, inuwar zaren ita ce layin, ka tsaya a ƙarshen inuwar ka kalli zaren, ka kalli Makka kenan. Sai dai inuwar gajera ce tunda tsakaninmu bai wuce kilomita 1000 ba, zaren mita ɗaya inuwarsa bata kai taƙi ba, ka samu dogo. Kuma na Mayu ya fi, a Yuli damina ta sauka hadari zai iya rufe ka.

Telan Jidda: Malam na gwada wannan dabarar taka a saman gidanmu ban ga komai ba, inuwar ta shige ƙarƙashin sandar hhh.

Malamin lissafi, Gadarif: Ai ku kun yi kusa da yawa, kilomita 70 ne fa, ranar tana kanku kuma. Ku bi masallaci kawai, gabas ɗinku ma ta gaske ce.

Telan Jidda: Eh mu kam bamu canza ba. Matsalata waya ce, a shago manhajar alƙibla sai ta dinga nuna mun yamma wajen teku, na ɗauka ta lalace har na goge na sauko da wata, ita ma haka. Ashe kan keken ɗinki nake ajiye ta, ƙarfe da maganaɗisun injin keken ke ruɗa kamfas ɗin wayar, har rigar wayar ma akwai maganaɗisu a murfinta. Na cire rigar na fita waje na jujjuya ta kaman ina rubuta 8 a iska, nan take ta dawo hayyacinta.

Ɗan Maiurno: Kawu tela gara kai shagonka a tsaye yake. Ni a jirgin ruwa ne daga Sawakin ta Sudan zuwa Jidda, da muka taso mun yi isha'i muna kallon wajen goshin jirgin, da asuba mutane suka rabu biyu kowa da wayarsa a hannu ana musu, ƙarfe ne ko ina kowace waya da abin da take faɗa. Wani dattijo ya je ya tambayi ma'aikacin jirgi, ya nuna mana da hannu, muka bi.

Direban Riyad: Malam tambaya, in na kuskure da digiri ɗaya nawa na kauce?

Malamin lissafi, Gadarif: Daga nisan kilomita 1000 kusan kilomita 17, daga Kano ya kusa 60. Amma kar ka sa wa kanka waswasi, wanda baya ganin Ka'aba sashinta aka ce ya fuskanta, gyara kafaɗa kaɗan ma ya fi digiri ɗaya. Irin taka ta ranar farko dai, wannan ka tambayi malaman fiƙihu ba ni ba.

Hajiya 'yar Madina: Ɗana in ka zo ziyara ka tuna rana ta fito ta hagunka, kar ka sake nufar Indiya.