Korewa biyu a jumla ɗaya a Turanci: kuskure ne ko ƙarfafa magana?

Malama Rabi:

Assalamu alaikum. Ina koyar da Turanci a aji biyu na babbar sakandare, kuma a makon jiya wani ɗalibina ya tsayar da ni a kan abin da na daɗe ina ganin na gama saninsa. Ya rubuta "I didn't see nobody" a insha'insa, na ja masa jan layi, na faɗa masa abin da aka koya mana muna ɗalibai, wato idan korewa biyu suka haɗu sai su kashe juna kamar a lissafi, jumlar ta koma tabbatarwa, ma'anarta ta zama ya ga wani. Yaron ya amsa cikin ladabi cewa yana jin Amurkawa suna faɗin haka a finafinai, kuma bai taɓa ganin wanda ya fahimci cewa an ga wani ba. Na rasa ta cewa, musamman da yake ni kaina nakan rubuta "it is not uncommon" ba tare da an ce na yi kuskure ba, alhali nan ma korewa biyu ne. Ina roƙon malamai su warware mini asalin wannan doka da abin da ya raba jumlolin nan biyu.

Malam Sani:

Wa alaikumus salam, Malama. Jan layin da kika ja daidai ne, amma hujjar da kika bayar ba ta da ƙarfi, kuma a kan ma'ana gaskiya tana wajen ɗalibinki. Turanci ya shafe ɗaruruwan shekaru yana tara kalmomin korewa domin ƙarfafa magana. A ƙarshen ƙarni na 14, sa'ad da mawaƙin Ingila Geoffrey Chaucer yake yabon wani barde cewa bai taɓa faɗa wa kowa baƙar magana ba, korewa huɗu ya jera a jumla ɗaya, kuma ko Shakespeare, shekaru ɗari biyu bayansa, yakan yi irin wannan. Daga baya ne salon ya riƙa raguwa a rubutun masu ilimin Landan, har Robert Lowth, malamin coci wanda ya zama bishop na Landan, ya wallafa littafinsa na nahawu a 1762, inda ya ce korewa biyu a Turanci suna rushe juna. Saboda haka ba shi ne ya kori salon ba, ya tarar da shi ya riga ya fita daga bakin manya, sai ya nema wa fitar tasa dalili, makarantu kuma suka riƙe dalilin har ya iso azuzuwanmu.

Salon bai mutu ba. Yana nan a karin harshen ma'aikata na gabashin Landan, da na kudancin Amurka, da na baƙar fatar Amurka, kuma masanin harshe William Labov ya nuna a 1972 cewa yana tafiya ne a kan ƙa'idoji tsayayyu, ba ɓarin baki ba ne. A harshen Sifaniyanci ma "no vi nada", wato "ban ga komai ba", shi ne daidaitaccen salo, kalmomin korewa biyu ne amma ma'anar korewa ɗaya ce, kuma babu mai cewa mutanen Madrid ba su iya lissafi ba.

Malam Habu:

Ina so in ɗora a kan bayanin Malam Sani daga ɓangaren Hausa, domin a ganina a nan ne Malama za ta sami hanya mafi sauƙi. Wasu sukan ce "ba … ba" ɗinmu korewa biyu ce, amma ba haka ba ne, korewa ɗaya ce mai kai da wutsiya. A jumlar "ban ga kowa ba", kalmar "kowa" ba ta korewa, tun da muna cewa "kowa ya zo". Ke nan jumlar tamu ta fi kusa da "I didn't see anybody", wadda ita ce daidaitacciyar. Amma idan Bahaushe ya ce "babu wanda bai ji ba", to a nan korewa biyu sun kashe juna da gaske, domin nufinsa kowa ya ji, har ma maganar ta fi ƙarfi.

Game da "not uncommon" kuwa, ba na yarda da masu cewa daidai take da "common". Ku duba "ba laifi". Idan aka tambayi mutum yaya kasuwa ya ce ba laifi, bai ce kasuwa ta yi kyau ba, bai kuma ce ta lalace ba, ya tsaya a tsakiya da gangan. Haka "not uncommon" take: abin yana faruwa, amma mai maganar bai so ya ce ruwan dare ne. Wannan sassauta magana ne, alhali jumlar ɗalibin ƙarfafawa ce, shi ya sa bai kamata a haɗa su a suna ɗaya ba. Marubucin Ingila George Orwell ya yi wa masu yawan amfani da wannan salo ba'a a wata maƙala ta 1946, kuma wanda ya saba karanta takardun ofis zai gane abin da ya dame shi.

Malama Asma'u:

Tarihin yana da amfani, 'yar'uwa, amma yaron nan jarrabawar WAEC ce a gabansa, kuma daidaitaccen Turanci ake auna shi da shi. Abin da yake nema shi ne ƙarfafa maganarsa, don haka ki ba shi kayan aikin da aka yarda da su. Inda muke cewa "sam" ko "ko kaɗan" yana da "at all" da "whatsoever", inda muke cewa "ko mutum ɗaya" yana da "not a single person", idan kuma yana son adon rubutu yana iya fara jumla da "never have I seen". Ki kuma ja kunnensu a kan "hardly", "scarcely" da "barely", domin korewa ce a ɓoye a cikinsu, kuma "I can't hardly hear you" ta fi kama ɗalibaina fiye da jumlar da yaronki ya rubuta.

Malama Rabi:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Saura abu ɗaya, domin na san yaron zai kawo shi: yaya matsayin "neither … nor" da kuma "No, I haven't"?

Malam Sani:

Duka biyun lafiya lau suke, Malama. "Neither … nor" tagwaye ne, kowace tana kore abin da ke biye da ita, kamar a "neither Audu nor Binta came", sai dai kada a ƙara "didn't" a kansu. Ita kuwa "No" da ke farkon amsa jumla ce mai zaman kanta, waƙafin da ke bayanta ya raba ta da "I haven't", kamar yadda muke cewa "A'a, ban gani ba".