Neman Baitocin Rumba na Kyuba da Rera Su Hannu Yana Kan Ganga

Ɗalibin Ganga:

Assalamu alaikum. Kusan shekara biyu ke nan ina koyon kiɗan gangunan konga a kan salon rumba na ƙasar Kyuba, musamman wanda ake kira gwagwanko, kuma hannuna ya fara faɗawa a kan babbar ganga mai kauri, wato tumbador. Matsalata biyu ce. Ta farko, baitocin da nake samu a rubuce a intanet sau da yawa ba sa dacewa da abin da kunnena yake ji daga bakin mawaƙan. Ta biyu kuwa, da zarar na buɗe baki zan rera, sai hannuna ya rikice, ko kuma muryata ta bi gangar ta bar inda ya kamata ta sauka. Ina roƙon waɗanda suka riga ni a wannan fanni su nuna mini ta inda zan fara.

Tsohon Makaɗi:

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Shawarata ita ce ka ajiye gangar tukuna, ka ɗauki kilabe, wato sandunan katakon nan biyu da ake haɗawa. A rumba, waƙa a kan kilabe aka gina ta, shi ya sa sau da yawa za ka ga jagoran waƙa shi ne yake riƙe da sandunan yana rerawa. Bugu biyar ne, uku a gefe ɗaya, biyu a ɗayan, kuma a kilaben rumba bugu na uku yana ɗan jinkirtawa fiye da na wani salon kiɗan Kyuba da ake kira son, wanda a nan ne masu koyo da yawa suke tuntuɓe. Kowane baiti yana da gefen da yake shiga, in ka shiga ta gefen da ba nasa ba, waƙar gaba ɗaya ta juye, ko da kalmominka daidai suke.

Sannan ka san fasalin waƙar. Ana buɗewa da diyana, inda mawaƙi yake rera sautuka marasa ma'ana don ya kafa murya, sai baitocin labari, sai montuno, inda jagora yake bayarwa 'yan amshi suna karɓa, masu rawa kuma su shigo fili. Ka fara da amshi, domin gajere ne kuma yana maimaituwa, kuma shi ne makaɗa suka fi rerawa hannunsu yana aiki. Ka riƙa rera shi da tafi a kan kilabe har ya zama ba ka tunaninsa, daga nan ka koma kan tumbador a hankali ƙwarai, ka lura da gaɓar kalmar da take haɗuwa da kowane bugu. Kada ka gwada wannan a kan kinto, ƙaramar ganga mai kaifin murya, domin aikinta shi ne amsa wa mawaƙi da mai rawa, kuma bugunta ba ya tsayawa a tsari ɗaya.

Malamar Sifaniyanci:

Malam, game da matsalarka ta farko, kunnenka bai yaudare ka ba. Mutanen Kyuba suna haɗiye harafin s a ƙarshen gaɓa, suna kuma jefar da d idan ya zo tsakanin wasula, shi ya sa kalmar da littafi zai rubuta llorado suke furta ta llorao, kuma da wannan sunan ake kiran kukan da ake buɗe waƙar kolumbiya, wani salo na rumba, da shi. Wanda ya rubuta baitocin da Sifaniyancin makaranta ya ƙara maka gaɓoɓin da babu su a bakin mawaƙi, in ka rera su haka dole ka fita daga kilabe.

Ƙari a kan haka, rumba waƙar baka ce. Ta taso ne a ƙarshen ƙarni na 19 a tsakar gidajen haya na talakawa da tashoshin jiragen ruwa na Habana da Matanzas, a kusa da lokacin da aka soke bauta a Kyuba a 1886, kuma da akwatunan katako aka fara kaɗa ta. Waƙa ɗaya tana iya fita da baitoci daban a bakin ƙungiyoyi biyu. Don haka ka zaɓi faifai guda, misali na ƙungiyar makaɗan rumba Los Muñequitos de Matanzas, waɗanda suka kafu a 1952, ka rage saurinsa a YouTube, ka rubuta abin da ka ji da rubutun Hausa yadda ya shiga kunnenka, sannan ka nemi mai jin harshen ya fassara maka. Wani abin da zai taimake ka shi ne, baitoci da yawa a kan tsarin desima suke, wato layi goma mai gaɓa takwas-takwas da amsa-amo tsararre, don haka idan kalmar ƙarshen layi ta ɓace maka, layin da suke amsa-amo tare zai nuna maka hanya.

Baƙo a Madrid:

Na yarda da Baba da Malama, amma akwai abin da nake so ɗan'uwanmu ya kiyaye. Ba duk kalmomin ba ne Sifaniyanci. Akwai na Lukumi, wanda asalinsa Yarabanci ne, akwai na Kikongo, harshen mutanen Kongo, musamman a kolumbiya, akwai kuma na ƙungiyar asiri ta maza mai suna Abakuwa, wadda aka kafa a garin Regla kusa da Habana a 1836 kuma tushenta yana yankin Kalaba a Najeriya. Wasu daga cikin waɗannan kalmomi kirari ne ga abubuwan bautarsu, wasu kuma zance ne na 'yan ƙungiya, saboda haka bai dace mutum ya rera abin da bai san ma'anarsa ba, don kare addininsa da kuma girmama masu abin. Abokinka Bayarabe zai iya gane wasu kalmomin Lukumi, amma kada ka dogara da shi kaɗai, domin karin sautin harshen ya ɓace a Kyuba kuma furucin ya sauya. Ni na fi ganin ka fara da salon rumba da ake kira yambu maimakon gwagwanko, tunda ya fi tafiya a hankali, kuma zai ba numfashinka sarari.

Ɗalibin Ganga:

Allah ya saka muku da alheri. Daren jiya na ɗauki amshi guda mai layi biyu na rera shi da tafi kawai, sai na gano cewa duk wannan lokaci ina shiga ta gefen uku ne alhali ta gefen biyu yake shiga. Baba, shin in jira sai na ƙware a amshi da yawa kafin in koma kan ganga?

Tsohon Makaɗi:

A'a, ka koma da wannan guda ɗayan. Ka sa wani ya riƙe maka kilabe, ko ka naɗi naka a waya, ka fara da gunguni ba tare da kalmomi ba, idan hannu ya tsaya sai ka saka kalmomin. Ranar da ka iya rera shi sau ashirin a jere hannunka bai motsa daga tsarinsa ba, sai ka ɗauki na biyu.