Me ya sa aka hana tsayuwa a filayen ƙwallon Ingila, kuma me ya sa ake dawo da ita?

Ɗan Kallo:

Assalamu alaikum. Akwai abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai, ina fatan masu sani za su warware mini shi. Duk lokacin da nake kallon wasan Firimiya a talabijin, ina ganin dubban mutane a bayan raga suna tsaye tun daga busa usur na farko har a tashi, alhali kowannensu yana da kujera, kuma na sha jin cewa doka ce ta tilasta wa manyan ƙungiyoyi su cika filayensu da kujeru bayan abin da ya faru a Hillsborough. Yanzu kuma sai na ji wai an halatta tsayuwar a wasu sassa. Idan tsayuwa ce ta kashe mutane, da wace hujja aka dawo da ita? Idan kuma ba ita ba ce, me ya sa aka hana ta shekara kusan talatin? Sannan ina son sanin ko wannan zai dawo da armashin da manya suke cewa filayen Ingila sun rasa.

Dattijo Mai Rediyo:

Wa alaikumus salam. Ɗana, tambayarka ta taɓo abin da har yau nake jin nauyinsa, domin a rediyo na ji labarin a ranar da abin ya auku. Ranar 15 ga Afrilu 1989 ce, a filin wasa na Hillsborough da ke birnin Sheffield, Liverpool da Nottingham Forest suna wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA. An bai wa magoya bayan Liverpool ɓangaren da ake kira Leppings Lane, inda mutum 10,100 masu tikitin tsayuwa za su bi ta ƙananan mashigai bakwai kacal. Da cunkoso ya yi tsanani a waje, sai 'yan sanda suka ba da umarni a buɗe babbar ƙofar da aka tanada don fita, amma ba wanda ya toshe hanyar da ke zubar da mutane kai tsaye cikin sassa biyu na tsakiya, waɗanda dama sun riga sun cika maƙil. A gaban waɗannan sassa akwai dogon shingen ƙarfe da aka kafa don hana 'yan kallo shiga fili, a gefe ma shinge ne, saboda haka waɗanda ke gaba ba su da inda za su nufa. An tsayar da wasan minti shida da farawa. Mutum 97 ne suka rasa rayukansu a sanadiyyar wannan rana, ƙaraminsu yaro ne ɗan shekara 10, na ƙarshensu kuma ya rasu a 2021 bayan doguwar jinya.

Alƙali Peter Taylor, wanda gwamnati ta ɗora wa binciken, ya ce babban musabbabin shi ne gazawar 'yan sanda wajen tafiyar da taron, kuma a rahotonsa na ƙarshe na Janairun 1990 bai ɗauki tsayuwa a matsayin abin da ke da haɗari a karan kansa ba. Duk da haka ya ba da shawarar a koma kujeru, domin idan kowa yana da kujera mai lamba, ba yadda za a cusa mutane fiye da kima a wuri guda. Dole kuma a tuna halin da ake ciki a lokacin: a Mayun 1985 kaɗai gobara ta ci mutum 56 a Bradford, wasu 39 suka mutu a filin Heysel na ƙasar Beljiyam, filayen sun tsufa, hukuma kuma tana kallon magoya baya tamkar dabbobin da sai an killace. Daga Agustan 1994 aka wajabta kujeru a rukunai biyu na sama na gasar ƙwallon Ingila.

A nawa ganin, shinge da sakaci ne suka yi kisan. Amma ina roƙonka kada ka ga baiken iyalan mamatan da suka daɗe suna adawa da dawo da tsayuwa. Mutanen da aka ɗora wa 'ya'yansu laifin mutuwar kansu, aka ce su ne suka bugu suka ɓalle ƙofa, sai a 2016 kotun bincike ta wanke su ta ce kisa ne ba bisa ƙa'ida ba, suna da haƙƙin su yi ɗari-ɗari da duk wani alkawarin hukuma.

Ɗalibi a Jamus:

Baba, Allah ya saka da alheri, ka fayyace tushen maganar. Zan ƙara da abin da na gani da idona, domin na taɓa samun tikitin shiga ɓangaren kudu na filin Dortmund, wanda ke ɗaukar mutum kusan 25,000 a tsaye. Tun saura fiye da awa guda a take wasa wurin ya fara cika, kuma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wani saurayi da ya juya wa fili baya, yana riƙe da lasifika, shi ke ba da waƙa, masu ganga suna riƙe masa kari, jama'a suna amshi. Da aka ci ƙwallo, sai da na ji simintin da nake kai yana rawa a tafin ƙafata. Amma ko kaɗan ban ji ana matse ni ba, domin tikitina na wani sashe ne takamaimai, an san adadin mutanen da ke cikinsa, kuma akwai ƙarafan dafawa a tsakanin layuka waɗanda ke karya ƙarfin turereniya.

Jamusawa ba su taɓa hana tsayuwa a gasarsu ta cikin gida ba. Hukumar ƙwallon Turai, UEFA, ce ta hana a wasanninta daga 1998, shi ya sa a daren gasar Zakarun Turai ake jera kujeru, filin Dortmund da ke ɗaukar sama da 81,000 ya koma kusan 66,000, har zuwa kakar 2022/23 da ta fara gwajin barin tsayuwa a Jamus da Ingila da Faransa. Abin lura a nan shi ne, wurin tsayuwa a Jamus yana ɗaukar mutane fiye da wurin zama, saboda haka tikitinsa yana da rahusa, kuma ƙa'idar nan ta 50+1 ta bar rinjayen ƙuri'a a hannun mambobi a yawancin ƙungiyoyi, ba a iya tsauwala musu farashi yadda aka ga dama.

Maman Biyu:

Malam Ɗan Kallo, ni a Landan nake zaune, kuma ina kai yarana kallo idan hali ya yi, don haka bari in faɗa maka yadda abin yake a ƙasa. Dokar kujeru ba ta taɓa zaunar da mutanen bayan raga ba. Suna tsayawa ne a gaban kujerun roba masu gajeren baya, waɗanda iyakarsu ƙwauri, kuma idan aka ci ƙwallo na baya ya faɗo kan na gaba, babu abin da zai tare shi. Akwai ranar da na sami tikiti a irin wannan wuri ban sani ba. Ƙaramin ɗana bai ga komai ba sai bayan rigunan mutane, na ɗora shi kan kujera, mai kula da 'yan kallo ya zo ya ce in sauke shi, wani tsoho kuma a gefenmu mai ciwon gwiwa ya haƙura ya zauna yana bin wasan da kunne. Mun fita da takaici, kuma ban ga laifin masu tsayuwar ba, tun da su ma an hana su wurin da ya dace da su.

Wannan rikici ne ya sa hukumar kula da amincin filayen wasa ta ba ƙungiyoyi biyar lasisin gwaji daga Janairun 2022, wato Chelsea da Tottenham da Manchester United da Manchester City da Cardiff, kuma a wasan Chelsea da Liverpool na ranar 2 ga watan aka fara. Celtic ta Glasgow ta riga su tun 2016, domin dokar ba ta shafi Scotland ba. A tsarin, kowane layi yana da ƙarfen dafawa a gabansa, kowane mutum yana da gurbinsa mai lamba, kuma dole a tanadar wa baƙi irin wannan wuri kamar yadda aka tanadar wa 'yan gida. Ina goyon bayansa ɗari bisa ɗari, domin ya raba mai son tsayuwa da mai buƙatar zama.

Sai dai game da armashi, kada ka sa rai da yawa. Tun da mutum ɗaya ne a gurbi ɗaya, adadin 'yan kallo bai ƙaru ba, saboda haka babu abin da zai sa tikiti ya sauko kamar a Jamus. Waƙa tana fitowa ne daga samari da abokai waɗanda suka saba haɗuwa a wuri guda mako bayan mako, kuma su ne tsada ta fara kora, su ne kuma tikiti mai lamba ya warwatsa. Ka lura da kyau, a wasanni da dama muryar baƙi 'yan dubu uku ce ke danne ta masu gida, domin an tara su a kusurwa guda, kuma tun 2016 aka ƙayyade tikitin baƙi a Firimiya kada ya wuce fam 30. A Fabrairun shekarar ce ma dubban magoya bayan Liverpool suka fice daga Anfield a minti na 77 don nuna ƙin tikitin fam 77, har masu ƙungiyar suka janye ƙarin.

Ɗan Kallo:

Na gode ƙwarai, Hajiya, na gode Baba da ɗan'uwana na Jamus. Abu ɗaya ya rage mini. Tun da yanzu an san adadin kowane sashe, shin za a iya cewa irin abin da ya faru a 1989 ba zai sake faruwa ba?

Dattijo Mai Rediyo:

Ba zan ce haka ba, ɗana, domin sau da yawa haɗarin daga waje yake farawa. Filin Olembe na Kamaru a lokacin sabo ne fil, kujeru ne ko'ina, amma a Janairun 2022 mutum takwas suka mutu a turmutsitsin bakin ƙofa kafin su kai ga kujerunsu. Bayan wata huɗu, a wasan ƙarshe na Zakarun Turai a birnin Faris, an tare dubban masu tikiti a ƙuntatacciyar hanya aka fesa musu barkonon tsohuwa, har aka jinkirta take wasa fiye da rabin awa, kuma kwamitin binciken da UEFA ta kafa da kanta ya ɗora mata kaso mafi girma na laifin. Idan Allah ya kai ka irin waɗannan filaye da yara, ka isa da wuri, ka duba lambar ƙofarka tun daga gida, kuma idan ka ga layi ya daina motsi alhali mutane suna ta ƙaruwa a bayanka, ka ja gefe ka jira ko da za ka rasa farkon wasan.